Sallamar Kaya

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina dako a babban siton da ke bakin tashar jirgin ƙasa. Goma sha tara daga ciki ni ne heluma, ni ke gaban 'yan dako sittin, ni ke cewa a ɗauka, ni ke cewa a ajiye. Ƙafar Ƙarfe suke kirana, kuma ba ni na raɗa wa kaina ba. Ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen da na sani a jikin buhu na tsince su ɗaya bayan ɗaya, amma har na bar aiki ban ga mai takardar da ya zagaye ni ba. Rufin sito ya rufto a kanmu mu bakwai, ni kaɗai na fito da ƙafata. Babbar mota ta take mini gwiwa, likita ya ce sai an yanke, ga ta nan har yau ina takawa. Amai da gudawa ya share layinmu, ya tafi da matata, ni kwana uku na yi na miƙe. 'Ya'ya biyar na haifa, na binne huɗu. Ina faɗin wannan ne don a san ba rago ke ba da labarin nan ba.

Wanda bai san dako ba yana zaton ƙarfi ne kawai. Tsakanin bakin tarago da ƙofar sito katako ake gittawa, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, ƙasa kuwa rami. Mutum zai hau da buhu a wuya. In ya kai tsakiya, wani abu yakan soke shi a ƙarƙashin haƙarƙari kamar an tura masa tsinke. Mu sallamar kaya muke ce masa, wato kayan ne ke gaishe ka. Sabon shiga da ya ji sai ya tsorata ya nemi tsayawa, kuma wanda ya tsaya a tsakiyar katako, da shi da buhun a rami za a tsince su. Maganinta ka ƙara taku, kafin ka kai ƙofa ta sake ka. Aikin heluma ke nan, ya tsaya a bakin ƙofa ya hana mutum tsayawa. Ba kuma da lallashi ba. Ba a yabon wanda ke ƙarƙashin kaya, yabo gwiwa yake sakewa. Gori ake masa, a taɓo masa inda ke ciwo, ransa ya ɓaci, haushin ya kwashe shi ya kai shi ƙofa. Da bakin nan nawa na tsallakar da maza ɗari bisa ɗari. Ba wanda ya taɓa faɗawa rami a gabana. Ko ɗaya.

Wanda ya rage mini a cikin 'ya'yan shi ne Auta. A gidansa nake, bene hawa na uku, ɗaki biyu da falo, ni an ba ni ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin. Shi akawu ne a wani ofis, daga safe zuwa yamma yana kan kujera yana danna na'ura, shekara arba'in da uku amma tumbi ya riga shi shiga ɗaki. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, ni Nas nake ce mata, kuma ba ta taɓa ɓata rai ba. Suna da 'yar fari mai shekara tara, sai tagwaye mata 'yan shekara uku waɗanda in ɗaya ta yi shiru to ɗayar ta karɓa.

Wata safiya muna shan shayi, Nas ta manna wata takarda a jikin firij, ta juyo.

"Baba, ka saurara, har da kai a ciki. Jiya mun ga likita. Jinin ɗanka ya hau, ga suga, kuma abin da aka gani a zuciyarsa bai yi wa likita daɗi ba. An ba shi magani, an ce ya rage nauyi, kullum da safe ya fita gudu."

Na ce, "Gudu? Wa ya biyo shi?"

"Ba wanda ya biyo shi. 'Yar sassarfa ce, rabin awa, a hankali yadda zai iya magana yana tafe. In ya ji ƙirjinsa ya riƙe, ko hannun hagu ya yi nauyi, ya tsaya nan take. Ga shi nan, likita har layi biyu ya ja a ƙarƙashi."

"Likitan nan ya taɓa ɗaukar buhu?"

"Baba."

"Tambaya na yi, 'yar nan."

Auta dai yana can yana hura wa ɗaya daga cikin tagwayen shayi. Na ce to in bai yi gudun ba fa? Nas ta dubi yaran, ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Likita ya ce in aka tafi a haka, ba lalle ya ga tagwayen nan sun gama firamare ba."

Na yi dariya, na ce likitoci da baki, ni ma sun sha yi mini irin wannan. Amma shayin nan ban ƙarasa shi ba.

Ya sayo takalmin gudu fari tas, da gajeren wando. Kwana huɗu a jere ya fita da asuba zuwa filin ƙwallon da ke bayan tsohon kamfanin sabulu, ya dawo yana haki, fuska sharkaf, yana murmushi. A rana ta biyar ƙaramar tagwayen ta tashi da zazzaɓi. Ta shida aikin safe ya faɗo kan Nas, ta bar gida tun gari bai waye ba, wanka da shiri da karin kumallo duk suka dawo kansa. Ta bakwai aka ɗauke ruwa, ya yi ta hawa da sauka da jarka. Ta takwas ranar ganin likitan gwiwata ce, shi ya kai ni, muka zauna a layi har rana ta take. Daga nan kuma ban iya ƙirga ba. Yau igiyar takalmin 'yar fari ta ɓata, gobe babur ya ƙi tashi, jibi an ce ya zo ofis da wuri.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi dabaru. Ya sa ƙararrawa uku a waya. Ya riƙa ajiye takalmin a bakin ƙofa don ya yi tuntuɓe da shi. Har kwana yake da gajeren wandon a jikinsa, wai da ya buɗe ido sai fita. Amma da ya taka falo sai ka ji wata murya daga ɗaki: "Abba, fitsari." Shi ke nan. Cikin wata guda takalmin ya koma ƙarƙashin gado, tagwaye suna zuba masa marfin kwalba a ciki.

Wata yamma na same shi zaune a kan matakala, hawa na biyu, jakar aiki a cinya, ledar cefane a gefe. Numfashi yake mayarwa.

"Akawu, nan ka mayar ofis?"

"Hutawa nake, Baba."

"Matakala ashirin?"

Ya yi ɗan murmushi, ya share goshi. "Baba, wallahi ina so in yi gudun nan. In na fita daɗi nake ji, rabin awar nan ce kaɗai ba mai kiran sunana. Amma kafin in fara na riga na gaji. In na tafi, wa zai yi musu wanka? Maman 'yan biyu ita ma jiki gare ta, kwana take a tsaye. Sai in ga kamar sata nake yi, na saci rabin awa daga bakin yara."

Na dube shi. Leɓɓansa sun yi wani duhu-duhu. Na taɓa ganin irin leɓen nan a fuskar yayansa, babban ɗana, wanda ya bi ni dako tun yana saurayi, wanda buhu biyu yake haɗawa a wuya yana waƙa, zazzaɓi ya kwantar da shi mako guda ya tafi. Gabana ya faɗi. Ban nuna ba. Ni ba a ganin tsoro a fuskata, ko ranar da rufi ya rufto ba a gani ba.

Na ce, "Gobe da asuba ka shirya. Ni zan kai ka."

Da ya faɗa wa Nas, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce wane ne zai kai wani, mai sanda ko mai tumbi? Amma ta zauna muka tsara. Kayan makaranta a goge su tun yamma. Ruwan shayi a zuba a filas. Ranar da take aikin safe, maƙwabciyarmu matar tela za ta leƙo ta zauna da yaran rabin awa. Ni na je na roƙe ta da kaina, ni da ban taɓa roƙon kowa allura ba.

Filin ba wani fili ba ne. Ciyawa a gefe, tsakiya ƙasa, raga ɗaya ta karye, bangon kamfani ya yi baƙi. Akwai maigadi, wani dogon dattijo mai rediyo a wuya, shi ya ba ni aron benci. Na zauna daidai kwana, inda dole Auta ya wuce ta gabana a kowane zagaye. Na dogara sanda, na gyara murya. Rabon da in yi irin wannan zama tun ranar da na bar sito.

Zagayen farko na bar shi. A na biyu ya fara jan ƙafa.

"Kai Akawu! Ƙafa ce wannan ko igiyar shanya?"

Ya waiwayo, ya zaci wasa ne, ya yi dariya.

"Dariya kake? Tumbin nan wata nawa ne? A gaya mini da wuri in sayi zanin goyo!"

Maigadi ya rage muryar rediyo. Wasu mata biyu masu zagaye suka rufe baki. Na ga wuyan Auta ya miƙe, takunsa ya canza. Na ce a raina, yauwa, jini ba ya ɓuya.

"Ɗazu kunkuru ya wuce ka, ya dawo yana tambaya ko lafiya! Ko in aika a kira tagwaye su goya ka?"

Zagaye shida ya yi ranar. Da muka kai ƙofar bene ya riƙe mini hannu kamar kullum, muka hau, amma idonsa na wani wuri. Ban damu ba. 'Yan dako ma haka suke, su ƙi kallonka da rana, da yamma su sayo maka shayi.

Kuma abin ya ci. Wannan ko maƙiyina ya shaida. Mako uku bai fasa ko kwana ɗaya ba. Ranar da ya so kwanciya, na tsaya a ƙofar ɗakinsa na buga sanda na ce ko amarya ce a kawo mata ruwan wanka, sai ga shi ya fito yana ɗaura igiya, yana cije baki. Bel ɗinsa ya koma rami ɗaya baya. Matakala ya daina zama a kanta. Nas ta auna jininsa ta ce ya ɗan sauka, ta kawo mini shayi da madara mai kauri, ta ce, "Baba, ban san me kake masa ba, amma Allah ya saka." Ba ta taɓa zuwa filin ba, ba ta san da wane baki nake aikin ba. Shi kuma bai gaya mata ba.

Har 'yar fari ta shigo ciki. Ta ce, "Tsoho, kai da ko kaza ba za ka iya kamawa ba, kai ne mai koyar da gudu?"

Na ce, "Ke tafi can, da ƙuruciyata ko kallonki ba zan yi ba."

Ta ce, "Ni ma yanzu ba na yi da kai, haƙoranka uku."

Gidan ya ɗan yi haske a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba.

Maigadi ne kaɗai ya taɓa yi mini magana. Wata safiya ya zauna a ƙarshen bencin, ya ce, "Dattijo, ɗanka ne kuwa?"

"Na cikina."

"To ka riƙa sassauta masa. Jiya na ga ya juya baya yana share ido."

"Zufa ce."

"Ni dai na faɗa."

Na ce masa shi ƙofa aka ba shi ya tsare, ni maza aka ba ni, kuma sittin-sittin. Ya ɗauki rediyonsa ya koma rumfarsa.

Ranar da abin ya faru Talata ce. Babbar tagwayen ta kwana tana tari, Auta bai samu barcin kirki ba, Nas kuma ta fita aikin safe. Ya fito falo ido jawur, ya ce, "Baba, yau a bar shi. Jikina ba daɗi." Na ce ranar da jiki ba daɗi ita ce ranar aiki, sauran ranaku kowa ma na iyawa. Matar tela ta shigo da ɗinkinta a hannu. Muka fita.

An yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi, mutane kaɗan ne a filin. Ya yi zagaye uku ba laifi. A na huɗu na hango shi daga nesa ya sa hannu a ƙirji. Ya rage gudu, ya zo daidai bencina yana tafiya da ƙafa, ya sunkuya ya dafa gwiwa.

"Baba, ƙirjina."

"Ina?"

Ya nuna tsakiya, ya shafa zuwa hagu. "Kamar an ɗora mini dutse. Har hannuna."

Ina so a fahimce ni a nan. Ban manta da maganar Nas ba. Layi biyun nan na likita suna raina sarai. Amma ni na ga wannan fuska sau dubu, na ga wannan hannu a kan wannan wuri sau dubu, a tsakiyar katako. Abin da na gani shi ne mutum ya kai tsakiya yana neman tsayawa, kuma na san in ya tsaya yau, gobe ma zai tsaya, jibi takalmi ya koma ƙarƙashin gado, sai maganar firamare ta tabbata. Likita a takarda ya san ciwon, ni a jikina na san shi. Haka na gaya wa kaina.

Na ce, "Sallamar kaya ce. Ƙara taku, yanzu za ta sake ka."

"Baba, wannan daban ne."

"Kowa haka yake cewa. Tashi."

Bai tashi ba. Ya ɗago ido ya dube ni, irin kallon da yake mini yana ƙarami in ya fasa kofi. Sai na laluba na ɗauko wadda ban taɓa amfani da ita ba, wadda na san ba ta kuskure.

"Da yayanka ne da rai, da tuni ya gama goma ya dawo ya saɓa ni a kafaɗa. Allah ya ɗauke mini maza ya bar mini akawu."

Ya miƙe a hankali. Ya juya ya kama gudu, gudun da ban taɓa ganin ya yi ba, kai a sama, hannun dama na aiki, na hagu a manne da jiki. Na bi shi da ido, wallahi har daɗi na ji. Ya wuce ragar da ta karye, ya kai kwanar can ta jikin bango. Sai na ga kamar ya taka rami. Ya durƙusa, ya kife.

Na jira ya tashi. Na ma buɗe baki zan ƙara masa wata.

Maigadi ne ya fara zabura. Ni na jefar da sanda na ce zan ruga, gwiwa ta ce ba da ita ba. Na faɗi, na tashi, na ja ƙafa. Filin nan da nake rainawa ya zame mini tafiyar yini. Da na isa, maigadi ya riga ya juya shi rigingine, bakinsa duk ƙasa, zufa mai sanyi, ido a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Na sa hannu ƙarƙashin wuyansa da cinyarsa zan ɗauke shi. Ni da na ɗauki injin niƙa ni kaɗai daga tarago, mutane suna tafi. Ko gezau bai yi ba. Na sake gwadawa, na sake. Maigadi ya ture ni ya ce, "Matsa, dattijo, matsa!" Shi da wani mai tasi da matan nan biyu suka kinkime shi zuwa cikin tasin. Ni aka cusa ni a gaba kamar kaya, wata ta miƙo mini sandata ta taga.

Asibitin da Nas take aiki aka kai shi. Tana cikin fararen kayanta ta gan shi a kan gadon turawa. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye farantin da ke hannunta a ƙasa, a tsakiyar hanya, ta bi su da gudu. Ni aka nuna mini benci a baranda. Na zauna daga safe har rana ta karkata, ina kallon wata mata tana goge daɓe, ta kai ƙarshe ta dawo, ta kai ƙarshe ta dawo.

Ya rayu. An zura masa wani abu ta jijiya aka buɗe inda ya toshe. Kwana biyu bayan nan likita ya shigo ɗakin, ina zaune a kujerar gefe, Nas na tsaye a kansa. Likitan yaro ne, da ƙyar ya kai Auta, amma da ya fara magana ban iya tambayarsa ko ya taɓa ɗaukar buhu ba. Ya ce wani sashe na naman zuciyar ya mutu, kuma ba ya dawowa. Ya ce gudu ya ƙare har abada, ɗaukar nauyi ma haka, ko yaro kada ya ɗaga. Sai ya dubi Auta.

"Kafin ka faɗi, ba ka ji komai ba? Irin wannan yakan yi gargaɗi. Da ka tsaya a lokacin, da ɓarnar ba ta kai haka ba."

Na ƙura wa sandata ido.

Auta ya ce, muryarsa can ƙasa, "Na ji, likita. Ban gaya wa kowa ba. Na zaci zai wuce."

Likita ya girgiza kai ya rubuta. Nas ba ta dubi kowa ba, ta gyara masa matashi.

Kwana tara na riƙe maganar nan a cikina. Ni da nake bugun ƙirji ban taɓa ɓuya a bayan kowa ba, sai ga ni a bayan marar lafiya. Abinci ya daina shiga. Tagwaye suna tambaya ina Abba, 'yar fari ta daina tsokanata, ta koma yi musu wanka da kanta kafin ta tafi makaranta. Nas tana asibiti, tana gida, tana kasuwa, idonta ya faɗa. Ranar da za a sallamo shi, da hantsi, na same ta a kicin tana yanka albasa. Na tsaya a bakin ƙofa.

"'Yar nan, akwai magana."

"Ina ji, Baba."

"Ya gaya mini. A filin. Ya zo har gabana ya ce ƙirjinsa, ya ce har hannu. Ni na ce ya ci gaba. Na kuma yi masa gori da ɗan'uwansa."

Wuƙar ba ta tsaya ba.

"Na sani," in ji ta. "Maigadi ya zo dubiya tun washegari, ya gaya mini a baranda."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Shi ya roƙe ni kada in tayar. Ya ce kai kaɗai ka rage masa, shi kaɗai ya rage maka." Ta kwashe albasar ta zuba a tukunya, mai ya yi ƙara. "Ni na karanta maka takardar nan da bakina, Baba. Har na gode maka. Shayi na kawo maka."

Na ce, "Da wannan hanyar na tsallakar da..."

Ta juyo ta dube ni. Tun da ta shigo gidan nan ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba sai ranar. Na haɗiye sauran.

"Maganinka na kan tebur," in ji ta. "Ka sha kafin ka manta."

Har yau ba ta fasa mini komai ba. Wankina, maganina, ruwan zafin gwiwata, duk a kan lokaci. Baba take ce mini. Amma Nas ɗin da nake kira ta yi dariya, yanzu in na kira sai ta ce na'am kawai.

Mun bar hawa na uku, don an hana shi matakala. Muka koma wani gida a ƙasa, ɗaki biyu, mai ɗan tsakar gida da doguwar hanya zuwa ƙofar waje. Ofis sun ba shi hutu, ba a san ranar komawa ba. Ya rame, tumbin da nake yi wa gori ya tafi, fata ta saki. In tagwaye suka rugo suka ɗaga hannu, sai ya durƙusa ya rungume su a ƙasa, su yi ta cewa, "Abba, sama, sama," shi kuma ya ce gobe. Da ni kuwa lafiya lau yake magana. Ya tambayi gwiwata, ya ce in rage gishiri. Sau biyu na fara, "Auta, ranar nan..." sai ya ce, "Baba, ya wuce," ya ƙara muryar talabijin. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan mako shida likita ya yarda ya fara takawa, daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar waje, sau ɗaya da safe. Ranar farko Nas ta roƙi canjin aiki don ta kasance. Ta riƙe masa gwiwar hannu, yana sanye da silifas. Ni ina zaune a kan kujera a bakin ƙofar ɗakina, ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce in tashi.

Taku yake kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ya wuce famfo, ya wuce igiyar shanya. Da ya kai wajen rabi ya tsaya, ya dafa bango, yana numfashi ta baki. Nas ta ce, "Mu koma, ya isa na yau." Ya waiwayo ya dube ni.

Na san jira yake in ce wani abu. Na buɗe baki. Na laluba cikin kaina kaf, shekara saba'in da takwas na magana, duk abin da hannuna ya taɓo irin na bakin sito ne. Wata irin ban tanada ba. Na rufe bakin, na riƙe sandata da hannu biyu.

Ya ɗan jima yana kallona. Sannan ya juya, ya ce wa matarsa, "To, mu koma." Ta juyo da shi a hankali, suka zo suka wuce ta gabana, ta shigar da shi ɗaki ta saki labule.